Tambaya da Amsa: Me ya haɗa gumakan Girkawa da kambas ɗin ƙafarka?

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan sunayen da ke jikin kayan wasanni. Mun miƙa su ga mutum uku: malamin tarihi, mai sana'ar buga tambari a riguna a Bauchi, da ma'aikacin lafiya mai kula da raunin 'yan wasa a Gombe. An taƙaita wasu daga cikin tambayoyin.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sayar da kambas da jesi. Wani ɗalibi ya shigo shagona ya ce Nike sunan gunki ne, haka ma Adidas da Puma. Muka yi ta gardama har ya tafi bai sayi komai ba. Mene ne gaskiyar magana?
Ɗan kasuwa, Kasuwar Wunti, Bauchi

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ɗalibin ya yi daidai a ɗaya, ya yi kure a biyu.

A addinin Girkawan da, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Nike wata abar bauta ce da suka ɗauka ita ke raba nasara a fagen fama da fagen wasa. Suna zana ta mace mai fukafukai, tana saukowa da rawanin ganye a hannu za ta ɗora wa wanda ya ci. Almararsu ta ba ta 'yan'uwa uku, Kratos da Biya da Zelos, wato ƙarfi da fin ƙarfi da kishin gasa. Gunkinta da ya fi shahara an tono shi a tsibirin Samotires a 1863, ba kai ba hannuwa, kuma yana gidan tarihi na Louvre a Faransa har yau.

Shi kamfanin ba da wannan suna ya fara ba. A 1964 wani mai horar da 'yan tsere a Jami'ar Oregon, Bill Bowerman, da tsohon ɗalibinsa Phil Knight suka kafa Blue Ribbon Sports, suna shigo da takalman Onitsuka Tiger daga Japan suna sayarwa a Amurka. Dillalai ne kawai, kamar ka. Da suka tashi yin nasu takalmin a 1971, Knight ya so a sa masa Dimension Six, abokan aikinsa suka ce sunan bai yi ba. Ma'aikacinsu na farko, Jeff Johnson, shi ya kawo Nike. Alamar nan mai kama da lauje kuwa wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana, aka biya ta dala 35. Abin da aka nema a wurinta shi ne zanen da zai nuna motsi a gefen takalmi. Maganar cewa fiffiken gunkin ne ta yi ƙarfi bayan sunan ya zauna.

Me ya sa sunan ya karɓu? Gajere ne, yana zama a kwali da harshen takalmi ba tare da cin wuri ba, kuma labarinsa ya riga ya yi shekara dubu biyu da ɗoriya yana yawo a makarantun Turai, ba wanda zai zo ya ce a biya shi kuɗin aro. Talla ce ta kyauta. Kamfanin ya sake komawa rijiyar a 1983 da takalmin gudu mai suna Pegasus, sunan dokin almara mai fukafukai. Tun kafin a san da kamfanin ma duniyar wasanni ta riga ta ɗauki wannan gunki: kofin duniya na farko, na Jules Rimet, wanda Birazil ta mallaka a 1970, siffarta ce ɗauke da ƙoƙo a ka. Tun 1928 hotonta ke gaban lambobin gasar Olamfik ta bazara, har da zinaren da Chioma Ajunwa da 'yan ƙwallonmu suka ciyo a Atlanta a 1996.

Sauran kuwa ba ruwansu da Girka. Adidas daga sunan mai shi ne, Adi Dassler, Bajamushe, a 1949. Wansa Rudolf ne ya kafa Puma a 1948 bayan sun ɓata, ya ɗauki sunan wata dabba dangin damisa ta nahiyar Amurka. Reebok sunan wata irin barewa ce ta Afirka ta Kudu. Umbro gutsuren sunan 'yan'uwan Humphreys ne na Ingila. Asics haruffan farko ne na wata jimlar Latin mai nufin lafiyayyen rai a lafiyayyen jiki. Kappa sunan harafi ne a rubutun Girka, ba na gunki ba, kamfanin kuma na Italiya ne. In ɗalibin ya dawo, sai ku raba gardamar, ka kuma nuna masa kaya.

TAMBAYA: Yarona ya dage sai an saya masa jesi da takalmi na sallah masu irin waɗannan sunaye. Na ji ana cewa akwai shirka a ciki. Ya halatta ya sa, har ya yi salla da su?
Uwa, Kumo

AMSA: Hajiya, hukunci na malamai ne, ba na wannan fili ba. Abin da za mu iya shi ne mu tsabtace miki tambayar kafin ki kai ta, domin abubuwa uku ne ake cakuɗawa.

Akwai suna, wanda asalinsa na abar bauta ne, amma kamfanin da ke amfani da shi na kasuwanci ne, ba wurin ibada ba. Irin wannan aro yana cikin kalandar Bature da muke aiki da ita kullum: Janairu da Maris da Yuni duk daga sunayen gumakan Rumawa suka fito. Akwai alama, wadda a takalmin Nike lanƙwasasshen layi ne kawai, ba surar mai rai ba. Sannan akwai hoto na gaske, kamar fuskar mutum a tambarin Ajax ko Atalanta, ko giciye a tambarin wasu ƙungiyoyin Turai. Malami zai iya ba kowanne amsarsa daban, don haka ki tafi da rigar kanta ya gani da idonsa.

Ki kuma san cewa ƙorafi yana tasiri idan an yi shi da hujja. A 1997 Nike ta janye wani takalmi daga kasuwa ta ba da haƙuri, bayan Musulmin Amurka sun nuna cewa rubutun da ke bayansa mai siffar harshen wuta ya yi kama da sunan Allah da Larabci.

Idan an ce a cire tambarin: wanda aka ɗinka, tela zai warware shi daga ciki da reza. Wanda aka manna da zafi, a juya rigar, a shimfiɗa ƙyalle, a ɗora dutsen guga mai matsakaicin zafi na daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɓare tun yana da ɗumi. Shatin gam zai rage. Wanda launinsa ya shige cikin zaren yadin ba ya fita ko da me, sai dai a ɗinka wani abu a kai.

TAMBAYA: Mun kafa ƙungiyar ƙwallo ta matasan unguwa, mun tara kuɗin jesi 25. Rigima ta tashi a kan suna. Wasu na son Titans, wasu Spartans, wasu Atalanta saboda Lookman. Ku ba mu shawara kan suna da tambari, da yadda za a buga kada ya ɓare.
Sakataren ƙungiya, Bolari, Gombe

AMSA: Malam Sakatare, kafin ku ari sunan kowa, ku karanta labarinsa har ƙarshe. Masu talla rabin farko kawai suke ɗauka.

Titans a almarar Girkawa ƙattai ne da suka yi yaƙin shekara goma da Zeyus, babban abin bautar Girkawa, aka ci su, aka kulle yawancinsu a ƙarƙashin ƙasa. Ajax, wanda ƙungiyar Amstadam ta ɗauki sunansa a 1900, jarumi ne a yaƙin Turoi, amma da aka hana shi sulken babban jarumi Akilis aka ba wani, sai hankalinsa ya gushe, ya afka wa garken dabbobi yana zaton abokan gaba ne, da ya farfaɗo kunya ta sa ya kashe kansa. Atalanta mace ce maharbiya da ba namijin da ke cin ta a tsere. Ta ce ba za ta auri kowa ba sai wanda ya riga ta, wanda ya kasa kuwa ransa ne fansa. Wani saurayi ya shiga tseren da tuffa uku na zinare, yana jefarwa ɗaya bayan ɗaya, tana tsayawa tsinta, har ya riga ta. Ɗalibai ne suka ba ƙungiyar garin Bergamo sunanta a 1907, kuma a cikin wannan riga Ademola Lookman ya zura wa Bayer Leverkusen uku rigis a wasan ƙarshe na kofin Europa a Dublin, ranar 22 ga Mayu, 2024. Sunan yana da daɗi, amma yana da mai shi a duniyar ƙwallo. Kuna iya sa shi a filin unguwa ba wanda zai kula. Ranar da kuka tashi yin rajista ko neman mai ɗaukar nauyi, zai zame muku ƙarfen ƙafa.

Sunan ƙungiya kirari ne, kuma ɗan damben da ya shiga fili da kirarin wani, 'yan kallo mai kirarin za su tuna, ba shi ba. Abin koyi a wurin Turawan nan shi ne dabarar, wato komawa ga labarin da mutanenka suka riga suka sani. Wikki Tourists daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumi ta Yankari ta samo suna, kowane ɗan Bauchi ya san inda aka dosa. Ku a Gombe kuna da Dutsen Bima, da kogin Gongola, da tsaunukan Tula. Idan sunan wani basarake ko magabaci kuke so, ku fara neman izinin fada.

Ku gwada sunan da baki kafin takarda. Mutum goma su tsaya a wannan raga su ƙwala shi, wani ya saurara daga waccan. In ya wuce gaɓa uku ko huɗu, magoya baya za su gutsure shi da kansu, kuma ba lalle gutsuren ya yi muku daɗi ba.

Tambari kuma siffa ɗaya tak, launi biyu, in ya yi yawa uku. Ajax ta taɓa rage fuskar jaruminta zuwa layi 11 kacal a 1990, kowane layi ɗan wasa guda. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne cusa zaki da ƙwallo da taurari da taken ƙungiya da shekarar kafuwa a da'ira ɗaya. A fuskar waya yana da kyau, a ƙirjin riga sai ya koma tabo. Ku sa a buga shi a takarda da faɗin santimita 3, sannan a yi masa hoton kwafi baƙi da fari. In ba a gane shi daga taku uku, a rage kaya. Ku karɓi ainihin fayil ɗin zanen daga mai zane, irin wanda ake faɗaɗawa ba ya dushewa, ba hoton da aka turo ta WhatsApp ba, domin WhatsApp yana matse hoto, gefen layi ya fito da haƙora.

Yadin jesi ya zama foliyesta mai nauyin giram 130 zuwa 160 a murabba'in mita. Ƙasa da haka yana yagewa da an ja riga, sama da haka zafin Gombe zai dafa yara. Hanyoyin sa tambari kuwa kowace da inda take kasawa. Aikin zare na inji ya fi daɗewa, amma harafin da bai kai milimita 5 ba yana cushewa, kuma dole a sa ƙyallen tallafi a baya, in ba haka ba yadin zai tattare. Bugun fenti ta raga yana da arha idan riguna suna da yawa, sai dai kowane launi da ragarsa da kuɗinsa, kuma fentin da bai gasu sosai ba yana tsagewa a wanki na uku ko na huɗu. Leda mai mannewa da zafi ita aka fi yi wa lamba da suna. A nan ne ake ɓarna: zafin da ya dace da auduga, wajen digiri 150 zuwa 160, yana tayar da rinin foliyesta, sai ka ga farar lamba a jar riga ta koma ruwan hoda bayan kwana biyu. A nemi ledar da ke kamawa a digiri 130 zuwa 140, ko mai shingen hana rini ratsowa, a danna na daƙiƙa 10 zuwa 15 da nauyi daidai ko'ina. Dutsen guga ba ya ba da wannan nauyin, shi ya sa kusurwar lamba ke fara ɗagowa. Akwai kuma bugun da rini ke shiga cikin zare a wajen digiri 200, ba ya ɓarewa har rigar ta mutu, amma sai a kan farin foliyesta.

Da kuɗin riga 25, shawararmu: tambari da zare, lamba da leda. A fara buga guda ɗaya, a wanke ta sau uku, a shanya a rana, kafin a saki sauran 24. Lambar baya ta zama tsawon santimita 25 zuwa 35, launinta ya saɓa da na riga sarai. Mai tsaron gida riga daban. Dokar ƙwallo ta 4 ta hana rubutun siyasa ko na addini a kayan wasa, don haka in wani ɗan takara ya ce zai biya kuɗin jesi da sharaɗin a sa hotonsa, ku san cewa ba za ku shiga gasar hukuma da ita ba. Wanki: a juya riga ciki waje, ruwan sanyi, ba bilic, kuma dutsen guga kada ya taɓa lamba.

In kuna da niyyar sayar da riguna nan gaba, rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, suna kawai take karewa a matsayin kamfani ko ƙungiya, ba tambari ba. Tambari sai a ofishin rajistar alamomin kasuwanci da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja. Tufafi da takalma suna rukuni na 25. Ana fara bincike ko wani ya riga ku, a shigar da takarda, a buga alamar a mujallar ofishin, a jira wata 2 ko wani zai yi ƙorafi. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa kuma shekara 14.

TAMBAYA: Malaminmu na wasanni ya ce Milo da muke sha sunan wani ƙaton Bagirke ne mai ɗaukar sa a kafaɗa. Gaskiya ne? Ina gudun mita 800, ina kuma ɗaga ƙarfe, burina in wakilci jiha.
Ɗalibin sakandare, Azare

AMSA: Gaskiya ne, ɗana, kuma shi wannan ba almara ba ne, mutum ne da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a Kuroton, wani garin Girkawa a kudancin Italiya. Ɗan kokawa ne, ya ci gasar Olimfiya sau 6. Thomas Mayne, wanda ya haɗa abin shan a Ostireliya a 1934, sunansa ya ɗauka. Labarin da aka ɗora masa shi ne ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi. Ba jikin da ƙarfinsa ke ƙaruwa da saurin girman maraƙi, amma ƙa'idar da ke ciki daidai ce: ƙara kaya kaɗan-kaɗan, ba fashi.

A aikace, kada jimlar gudunka na mako ta ƙaru da fiye da kashi 10 cikin ɗari a kan na makon jiya. Mako uku kana hawa, na huɗu ka rage kashi ɗaya cikin uku, domin a lokacin hutu ne jiki ke ginuwa. Atisaye mai tsanani sau biyu a mako ya ishe ka, da tazarar awa 48 a tsakani. A ƙarfe, sai ka kammala adadin da ka sa wa kanka a zama biyu a jere ba tare da jiki ya karkace ba, sannan ka ƙara kilo 1 zuwa 2. In irin ƙarfen nan ne na siminti da ake zubawa a gwangwani, ka kai wurin mai sikeli a auna kowane gefe. Bambancin kilo ɗaya ya isa ya ja maka ciwon kafaɗa. Daga Maris zuwa Mayu ka yi gudunka bayan sallar asuba. Ka hau sikeli kafin atisaye da bayansa, duk kilo ɗaya da ya ragu ka mayar da ruwa lita ɗaya da rabi a hankali. Ka ƙirga bugun zuciyarka da farkawa. In ya haura yadda ka saba da bugu 7 zuwa 10 kwana uku a jere, ga barci ba daɗi, ga abinci ba ya shiga, ka wuce gona da iri, ka huta.

Ƙarshen Milo, yadda aka ruwaito, ya ga kututture da aka fara tsagawa, ya zura hannu zai ƙarasa da ƙarfin tsiya, itacen ya matse shi, namun daji suka same shi a nan. Wannan ba ya cikin talla. Haka kuma a ƙofar shiga filin Olimfiya akwai jerin gumakan tagulla da aka ƙera da tarar 'yan wasan da aka kama da maguɗi, kowa zai wuce ta gabansu kafin ya shiga fili. Muna faɗa maka wannan ne saboda za a zo maka da ƙwaya a ce tana kashe gajiya. Tiramol yana cikin abubuwan da WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, ta haramta a lokacin gasa tun 1 ga Janairu, 2024, ban da jarabar da yake sawa. Abin shan gwangwani kuma akwai sukari a ciki, ba ya maye gurbin wake da ƙwai da gyaɗa da nono.

TAMBAYA: Shekarata 38, ina buga ƙwallon dattawa ranar Lahadi. Wata biyu ke nan bayan diddigena na ciwo, musamman takun farko da safe. Wani ya ce ciwon Akilis ne. Wane ne shi, kuma mece ce mafita?
Ma'aikaci, Fadamar Mada, Bauchi

AMSA: Yallaɓai, agara ce, jijiyar da ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige. Almarar ta ce uwar Akilis ta tsoma shi a kogin Sitiks yana jariri don kada makami ya kama shi, sai inda ta riƙe, wato diddige, ya zauna a bushe, ta nan kuma kibiya ta kashe shi. Wani masanin sassan jiki, Philip Verheyen, ya sa wa jijiyar sunansa a littafinsa na 1693.

Yadda ka kwatanta, mako guda a kan kujera sannan Lahadi ka tashi da gudu a busasshen fili, ya yi kama da gajiyar jijiya. Ka matsa da yatsa biyu. In ciwon yana santimita 2 zuwa 6 sama da ƙashin diddige, ga abin da aka fi ba da shawara: ka tsaya a bakin matakala da gaban ƙafa, ka ɗaga da ƙafa biyu, ka ɗauke lafiyayyar, ka sauko a hankali da mai ciwon cikin daƙiƙa 3 har diddige ya wuce bakin matakalar. Sau 15, zagaye 3 gwiwa a miƙe, zagaye 3 gwiwa a ɗan lanƙwashe, safe da yamma, mako 12. Ɗan ciwo kaɗan ba laifi, muddin bai ƙaru washegari ba. Idan ya daina ciwo gaba ɗaya, ka goya jaka da kilo 5 ka ci gaba. In kuwa ciwon a daidai inda jijiyar ta manne da ƙashi yake, a daɓe za ka yi, kada diddige ya sauka ƙasa da yatsu, domin hakan na ƙara matse wurin. Yawancin masu cewa bai yi musu aiki ba, a mako na uku suka bari. Ka ajiye ƙwallo tukuna, ka koma keke.

Abu biyu ka kiyaye. Kada a yi maka allurar kashe kumburi a cikin jijiyar, tana raunana ta. Sannan sifuro, wato ciprofloxacin da ake saye a kemis da sunan maganin taifot, shi da danginsa suna ƙara haɗarin tsinkewar agara. Ka gaya wa likita halin da kake ciki kafin ya rubuta.

Alamar tsinkewa ba ta ɓuya: ka ji ƙas, kamar an harbe ka daga baya, ka waiwaya ba kowa, ka kasa tsayawa a kan yatsu. A kwantar da mutum rub da ciki a matse naman sha-raɓa. In tafin ƙafa bai motsa ba, ta tsinke. Ba aikin ja da murza ba ne, jan ma nisanta bakin jijiyar yake yi. A ɗaure ƙafar yatsu na kallon ƙasa, kada a taka, a nufi sashen ƙashi na asibitin koyarwa a ranar. Komawa fili yakan ɗauki wata 6 zuwa shekara.

TAMBAYA: Ina shirin shiga gudun fanfalaki. Da gaske ne wanda ya fara yin sa faɗuwa ya yi ya mutu? Kuma na ga irin takalmin Kipchoge a gwanjo, in saya?
Ɗan tsere, Kaltungo

AMSA: Ƙanena, yaƙin Maraton, wanda tseren ya ɗauki sunansa, ya faru a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Labarin manzon da ya sheƙo Atina ya ce an yi nasara ya faɗi matacce, marubutan da suka zo ɗaruruwan shekaru daga baya ne suka kawo shi. Herodotus, marubucin tarihin Girka wanda ya fi kusa da zamanin, cewa ya yi manzon ya tafi birnin Sparta neman gudunmawa, kusan kilomita 240, bai kuma ce ya mutu ba. An ƙirƙiri tseren ne a gasar Olamfik ta 1896 a kan wajen kilomita 40. Tsawon 42.195 daga gasar Landan ta 1908 ya samo asali, aka tabbatar da shi a 1921.

Takalmin da ɗan tseren Kenya Eliud Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 da shi a Biyana a 2019 yana da soso mai kauri da farantin kabon a ciki. Tun 2020 dokar tseren titi ta tsaya a kaurin milimita 40 da faranti ɗaya. Amfaninsa a sabon soso yake, kuma irin wannan soso yana saurin mutuwa fiye da na takalmin atisaye, wanda shi ma daga kilomita 500 zuwa 800 ya gama aiki. Wanda ya iso gwanjo yawanci ya riga ya ba da abin da zai bayar, ga shi ba ya son hanyar burji. Gara takalmin atisaye na yau da kullum mai sauran rai.

Wajen dubawa, ka ajiye shi a kan tebur ka kalle shi daga baya. In ya karkata gefe, bar shi. Ka danna sosan da babban yatsa, mai rai zai dawo nan take, wanda ya mutu yana da tattara masu zurfi a gefe. Ka matse bayan diddige, ya zama da tauri. Ka ciro shimfiɗar ciki ka ga ko an liƙe tsaga da gam. A takalmin Nike na asali, takardar da ke cikin harshe tana da lambar samfuri mai haruffa ko lambobi shida, da ɗan layi, da lambobi uku na launi. Ƙafar hagu da ta dama su zo ɗaya, kuma in ka rubuta lambar a intanet hoton da zai fito ya zama wannan takalmin da wannan launin. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za ka yi gudu da ita, ka bar faɗin babban yatsa tsakanin doguwar yatsarka da bakin takalmi. Ka yi aƙalla kilomita 50 da shi a atisaye kafin ranar tsere.